Shekara Tara a Bayan Zaure

Gidanmu na Zurmi yana da zaure babba irin na da, mai ƙofa biyu, ɗaya ta waje, ɗaya ta shiga cikin gida. Mahaifinmu malami ne, a nan ya yi ta ba da karatu har Allah ya karɓi abinsa. Da ya rasu ɗalibai suka watse, zauren ya zauna ba kowa sai tabarmi, har yayana ya shiga siyasa ya mai da shi wurin taron jam'iyya na mazaɓarmu. Ni kuwa a lokacin na dawo gida, mijina ya rasu, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kaura Namoda, in tafi Lahadi in dawo Juma'a, idan hanya da lafiya.

Mu biyu kaɗai mahaifiyarmu ta bari, ni da shi, ya girme ni da shekara shida. Mutum ne mai fara'a, in ya shiga taro kowa sai ya san ya zo. Amma rubutu, wayyo! In ya rubuta layi uku, shi kansa sai ya juya takardar sama da ƙasa kafin ya gane abin da ya ce. To wannan bawan Allah aka ɗauka aka ba sakataren jam'iyya, wai ɗan gidan malamai ne, alƙalami gadonsu ne. Gadon kuwa yana nan, sai dai a hannuna ya faɗo.

Ana taron ne ranar Asabar bayan la'asar. Mace ba ta zama a zaure cikin maza, wannan ba sai an gaya wa kowa ba, ni ma ban taɓa tambayar dalili ba. Ranar taron farko, bayan an watse, ya shigo yana share gumi, ya miƙo mini wani dogon littafi mai baƙin bango. Ya ce, "Malama, taimake ni. Sun ce a rubuta abin da anka yi, ni ko wallahi rabi ya tsere mini." Na ce ai na ji komai, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, muryoyinsu kuwa har maƙwabta na ji. Na zauna na rubuta masa tsaf. Daga ranar ya zama aikina. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, na kife shi a jikin bangon zaure ta ciki, dab da ƙofa, inda labule ya kare ni. Da an yi addu'ar buɗe taro sai in zauna a kai da littafin a cinyata.

Shekara tara ina kan turmin nan. Na san kowa da muryarsa, rabinsu ban san fuskarsu ba. Na san ciyaman, wani dattijo mai fataucin hatsi tsakanin Moriki da Shinkafi, da gyaran murya sau biyu kafin ya yi magana. Na san mai cewa "ni dai ban yarda ba" tun ba a gama bayani ba. Na san wanda barci ke kwashewa in an wuce rabin awa. In damina ce sai in matsa daga bakin indararo, in rufe littafin da gefen mayafina in ci gaba.

Da a rubutu kaɗai abin ya tsaya, da da sauƙi. Wata Asabar suka sarƙe a kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Unguwa biyu kowa na ja, har an fara ambaton kakanni. Sai na ji yayana ya ce, "Bari in ɗauko muku ruwa." Ya ɗaga labule ya shigo, ya durƙusa gefena kamar mai gyara takalmi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Mi kika gani?"

Na ce, "Yaya, cikinku wa ke ɗebo ruwa? Ku sa ta kusa da injin niƙa. Matan unguwannin nan biyu can suke aikawa kowace safiya, a yi niƙa a ɗebo ruwa tafiya ɗaya, kuma ba wanda zai ce an kai ƙofar wani."

Ya ɗauki kwanon sha ya koma. Ban gama gyara zama ba na ji maganata tana fitowa da muryarsa, har da "cikinmu wa ke ɗebo ruwa". Zaure ya ɗauki kabbara. Ciyaman ya ce, "Kai, ɗan malam ɗan malam ne!" Ni kuma na duƙa na rubuta: "Sakatare ya kawo shawara a haƙa rijiya kusa da injin niƙa. Taro ya amince." Da hannuna na rubuta. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tsaya a kaina. To me zan rubuta? Wadda ba ta cikin taro, ta yaya za ta kawo shawara a taro? Haka na gani a lokacin, har ina murmushi ni kaɗai don daɗi.

Daga nan abin ya zame mana jiki. Rabon taki ne, rikicin masu babura ne, yadda za a fito da matan kulle ranar zaɓe ba tare da an ɓata wa mazansu rai ba ne, da zarar magana ta cije sai yayana ya ga mutane na jin ƙishirwa. Har suka riƙa tsokanarsa, wai kansa da ruwa yake aiki kamar tsohuwar mota. Shi ma ya yi dariya, ni ma in yi tawa a bayan labule. Duk shekarun nan ban nemi komai ba. Sai daga baya na nemi abu ɗaya tak, wanda har yau shi nake nema: a faɗa da baki, ko sau ɗaya, a cikin zauren ubana, cewa ni ce.

Shekarar da kansilanmu ya ce ba zai sake tsayawa ba, wani tunani ya shiga raina ya ƙi fita. Na yi mako biyu ina juya shi a motar Kaura. Na san mazaɓar nan gida-gida, na san wace ce ke naƙuda ba mai kai ta asibiti, na san ajin da rufinsa ya yaye. Wata Juma'a yana cin tuwo a ƙofar ɗakina na ce, "Yaya, ni zan nemi kansila." Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya ga ban taya shi ba, sai ya tsame hannu daga kwano, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To, zan kai maganar." Kuma ya kai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Da ya faɗa a taro wasu suka fashe da dariya. Ciyaman ya gyara murya sau biyu ya ce, "Ina abin dariya a nan? Malama ɗiyarmu ce. Jam'iyya ba ta hana mace ba, mu ma ba mu hana ba. Amma kujera ba don kunyar uba ake ba da ita ba, don hidima ake ba da ita. Sakatare, ɗauko littafi, a karanta a ji wanda ya yi wa wagga mazaɓa aiki."

Labule ya ɗaga. Wannan karon bai durƙusa ba, bai dube ni ba, hannu kawai ya miƙo. Na ɗauke littafin daga cinyata na ba shi.

Shi ne sakatare, don haka shi ya karanta. Sakatare ya kawo shawara. Sakatare ya yi gyara. Sakatare ya sasanta. Shafi bayan shafi, har rana ta yi ja, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ina zaune hannuna ba komai, ina kasa kunne ko zan ji kaina, alhali na fi kowa sanin ba na ciki. Ashe ina ciki sau ɗaya, a shekara ta huɗu: "An gode wa cikin gida da suka kawo kunu." Cikin gida! Ni na rubuta wannan ma.

Wani ya ce, "To ai magana ta ƙare, ga kansila nan zaune." Na ji yayana ya ce, "A'a, ku tsaya," da wata 'yar murya, kabbara ta danne ta, bai sake faɗa ba. Da za su tashi ciyaman ya ba shi saƙo, a gode wa Malama, kuma akwai kujerar mataimakiyar shugabar mata in tana so, wato in riƙa raba zannuwa da kula da tukunya ranar gangami.

Abin mamaki, ban yi fushi ba. Ni da aka sani da zafin rai, ni da ɗalibai ke gudu in sun ji takuna, ko tsaki ban yi ba. Washegari na karɓi littafin na rubuta bayanin taron daga kaina. Na dafa shinkafar 'yan taya murna, na ce wa kaina ai kujerar gidanmu ta shigo. Sai dai wani ciwon kai da ya kama ni, na yi kwana goma ina ɗaure goshi da ɗankwali.

A zangon nan ne manhaja ta kawo mu kan gajeren labari. Ɗakin karatun makarantar ba abin da ya rage a ciki sai kanta da gara, don haka na ce bari in rubuta wa 'yan aji shida misali da kaina, su ga yadda ake gina labari. Na zauna a ɗakina na Kaura, ɗaki ɗaya a gidan haya, na rasa me zan rubuta, sai na ɗauko abin da na sani. Wata mata, a wani gari, tana zama a bayan zaure tana rubuta wa yayanta littafin taro. Gari kawai na canza. Niyyata in nuna musu mace mai ƙwazo da biyayya, wallahi iyakar abin da ke raina ke nan.

Na karanta musu da safe, kafin tara. Da na gama aji ya yi shiru, na ɗauka salon ne ya burge su. Sai wata doguwar yarinya 'yar garin Ɗan Isa, wadda ba ta iya ɓoye abin da ke cikinta, ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, wagga mata lafiyarta ƙalau kuwa?"

Na ce, "Kamar yaya?"

Ta ce, "Ita ke riƙe da biro fa. Shekara tara! Wa ya riƙe mata hannu?"

Na ce ai kunya ce, tarbiyya ce, ba a ja da na gaba. Wata daga baya ta ce, "To shi yayan ba a koya mashi kunyar ba?" Aji ya kaure. Wata na cewa dattawan sun sani sarai, wa zai yarda ruwa na ba da shawara? Wata na cewa ita da ita ce da ta yaga littafin. Wata ƙarama a gaba tana share hawaye, wai matar ta ba ta tausayi, ba ta da kowa. Ni kuwa na tsaya ina kare mutanen zaure, har na buga tebur na ce duk wadda ta ƙara magana sai ta yi tsallen kwaɗo. Suka yi tsuru-tsuru. Na kwashi takarduna na fita ana sauran minti ashirin a tashi.

A bayan ajin akwai wata bishiyar dogon yaro, nan na tsaya na sake karanta shafuka huɗun nan. Matar ta ba ni haushi, ta ba ni tausayi, na ji kamar in shiga takardar in fizge ta daga kan turmi. Shekara tara abin yana faruwa da ni ban gan shi ba, sai da ya faru da wata a kan takarda. Na yi kuka a tsaye, a fili, ga mai gadi yana wucewa yana yi mini sannu, ya ɗauka rasuwa aka yi mini.

A ofishin malamai akwai wata kabad da muke tara littattafan da muke ƙwacewa daga hannun 'yan mata, irin masu araha da suke ɓoyewa cikin hijabi. Malamai maza suna kiransu shirmen mata, ni ma da bakina na sha kiransu haka, har na taɓa sa a ƙona kwali guda. Ranar na cika jakata da su. Da yawa ba bango, ba shafin farko, ban san waɗanda suka rubuta ba. Na yi makonni ina karantawa in na taso aiki, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Akwai shirme a ciki, ba musu, ga mota ga gidan sama ga kuka ba dalili. Amma a ƙarƙashin wannan duka, kusan kowane shafi mace ce a tsaye a bakin wata ƙofa. Tana jira a gama yanke hukunci a kanta. Tana ba wani saƙo ya shigar mata. Ta san amsa, tana jira a tambaye ta, ba a tambaya. Ashe matan nan sun daɗe suna faɗa, mu da muka yi digiri a kan adabi muna ƙona musu baki. Su suka zame mini abokan hira a zangon nan, mutanen da ban san ko sunansu ba.

Wata abokiyar aikina ta ga labarin a kan teburina, ta ce in bari ta buga shi a waya ta tura wa guruf ɗin malamai, ba suna. Na ce ta tura. Na san abin da nake yi, ba zan ce kuskure ne ba. Cikin mako guda ya zagaye. Saƙonni suka riƙa zuwa mata tana nuna mini: wata ma'aikaciyar jinya, wata mai aiki a sakatariya, wata matar limami, kowace na cewa wa ya ba da labarinta? Na ji sanyi a raina, amma duk suna nesa, a cikin waya.

Na kusa kuwa, ranar kasuwar Shinkafi abin ya fashe. Yayana ya je neman goyon bayan 'yan Zurmi masu rumfuna a can, ya zauna a rumfar wani tela, wani ya ɗauko waya yana karanta wa jama'a labarin don nishaɗi. Da aka zo kan "bari in ɗauko muku ruwa", wani ɗan mazaɓarmu ya dube shi ya tuntsire da dariya. Kafin magariba magana ta riga shi isowa gida. Duk inda ya bi sai a ce, "Ranka ya daɗe, a kawo ruwa?"

Da na dawo ranar Juma'a goggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a tsakar gida tana jirana, ko mayafi ba ta bari na cire ba. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, kin kyauta. Kin tuɓe wa ɗan'uwanki riga a kasuwa. In kin rasa shi wa gare ki? Miji gare ki, ko ɗa?" Na ce, "Goggo, ƙarya na yi?" Ta ce, "Wa ya ce ƙarya ce? Mu duk da kika gani, wace ce ba ta yi wa namiji dabara ba? Ubanki kansa wa ke tuna mashi abin da ya manta in ba uwarki ba? Kin ji ta rubuta a takarda?" Ta tashi ta kakkaɓe zani ta fita. Matar yayana ta daina amsa gaisuwata. Matan unguwa da ke shigowa in karanta musu takardar asibiti suka ɗauke ƙafa.

Shi sai bayan an sauko daga masallaci ya shigo. Ya zauna a bakin gadona, abin da bai taɓa yi ba, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Na shirya wa faɗa, na tanadi maganganu tun daga Kaura, sai ga shi ya zo ba faɗa. Ya ce, "Na karanta. Sau uku. Ba ki ƙara mini komai ba."



Ya ce, "Wallahi duk sanda na fita da maganarki ina sane. Ranar da na karanta littafin nan, kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauka ba ki damu ba ne, tun da ba ki taɓa cewa komai ba."

Na ce, "Yanzu na ce. Yaya, ba kujerar nake so ba, riƙe abinka, Allah ya ba ka sa'a. Gobe Asabar. In an buɗe taro ka ce musu shawarwarin nan na ƙanwarka ne. Kalma nawa ce? Daga nan ba za ka sake jin bakina ba."

Ya daɗe yana juya hular. Idonsa ya kawo ruwa, na ga haka na ɗauka an gama. Sai ya ce, "Ba zan iya ba."

"Saboda me?"

"Yanzu zargi suke yi, zargi kuwa yana wucewa. In na faɗa da bakina, shi ke nan. Mutumin da mace ta yi wa tunani shekara tara, wa zai jefa mashi ƙuri'a? Ko matan ba za su jefa ba."

Na ce, "Au, abin kunya ne ke nan? Ni da kai nono ɗaya muka sha, allo ɗaya muka wanke, amma a ce hankalina ya yi maka amfani shi ne abin kunya?" Ya sa hularsa, ya ce ciyaman ya ce a karɓo littafin, an ba wani malamin firamare riƙon sakatare. Na jawo shi daga ƙarƙashin matashi na jefa masa a cinya. Ya tashi ya fita a hankali, har da gyara mini labule.

Na yi rantsuwa ba ni ba taronsu. Asabar uku ina shiga ɗaki in kunna rediyo. A lokacin mutanen ƙauyukan gabas da 'yan bindiga suka tasa sun cika makarantar firamaren unguwarmu, matansu na shigowa gidanmu ɗibar ruwa, da su kaɗai nake hira. A Asabar ta huɗu ina shanya a tsakar gida na ji ana maganarsu a zaure. An samo buhunan gero za a raba musu, an tsayar a rubuta magidanta a ƙofar masallaci, kowane maigida ya karɓa wa iyalinsa. Na tsaya da jiƙaƙƙen zani a hannu. Fiye da rabin matan da ke shigo mana ba su da maigida. An kashe wasu, an tafi da wasu daji. Wa zai tsaya musu a ƙofar masallaci?

Na jira wani ya tuna. Ba wanda ya tuna. Na jira labule ya ɗaga, bai ɗaga ba. Na ji ciyaman yana cewa, "To in ba mai magana, a shafa fatiha."

Ban san sanda na yar da zanin ba. Na ja mayafi, na ɗaga labulen da kaina, na yi sallama na shiga. Rabona da tsayawa cikin zauren nan da mutane a ciki tun ina 'yar shekara tara, ina kawo wa mahaifinmu tawada. Ashe ƙarami ne. Ashe mai "ni dai ban yarda ba" wani ɗan siririn mutum ne. Mutum kusan ashirin, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, kamar na shigo ba sutura. Yayana ya kafa ido a kan yatsun ƙafarsa.

Ciyaman ya ce, cikin ladabi, "Malama, wani abu ake nema a ciki?"

Na ce, "Baba, a gafarce ni. Matan da ke makarantar nan, mafi yawansu ba maza gare su ba. In kuka raba da magidanta, su da 'ya'yansu za su kwana da yunwa. Ku shiga da rana ku ƙirga murhu. Duk inda aka kafa duwatsu uku ana girki, gida ne, ku ba shi kasonsa."

Ba a ce to ba, ba a ce a'a ba. Na tsaya har na gane jira suke in fita. Na fita. Ina sakin labule na ji an gyara murya sau biyu. Ciyaman ya ce, "Jama'a, wani tunani ya zo mini. Mi zai hana mu ƙirga murhu?" Aka yi kabbara.

Ranar Lahadi ina haɗa jaka zan tafi tasha, yayana ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya ce dattawa sun ga ana takura mini da hayaniya, ga ni mai aikin karatu, don haka daga yanzu an mai da taro gidan ciyaman, can ƙarshen gari. Ya faɗa yana kallon katanga. Na ce Allah ya saka musu da alheri da wannan tausayi. Daga ranar zauren ya koma ba kowa, shi ma yayana sai in yi mako uku ban sa shi a ido ba, muna gida ɗaya.

Juma'ar da ta biyo na dawo na tarar an yi rabon. Ina cire takalmi wata daga cikin matan makarantar ta shigo, wadda aka kashe mijinta a gona, ta bar ƙauye da 'ya'ya biyar. Tana ɗauke da ƙullin gero a ka, fuskarta kamar ba ita ba don murna. Ta sauke ta buɗe mini in gani, ta ɗebo da hannu tana zubarwa a ciki. Ta ce, "Malama, kin gani? Har mu anka ba. Da an ce sai mai miji, sai Allah ya taɓa zuciyar dattijon nan ciyaman, ya ce a ƙirga murhu. Kin ji mutum mai tunanin mata! Ki taya mu yi mashi addu'a."

Na dube ta. Mace ce kamata, ba ta da kujerar da za ta rasa, ba ta da ɗan'uwan da za ta kare. Na ji in ban faɗa wa wani mahaluƙi ba yau zuciyata za ta fashe. Na ce, "Ni ce. Ni na shiga zauren na gaya musu."

Ta tsaya da geron a hannu tana kallona, sai ta ƙyalƙyale da dariya, har da dafa kafaɗata. Ta ce, "Kai, Malama! Allah ya bar mu da ke, akwai ki da ban dariya." Ta ɗaure ƙullinta, na taya ta ɗorawa a ka, ta fita tana dariya har na daina jin ta a lungu.